Ma'aunin Zurfi a Ƙofar Ruwa

A shagon Kawu Mamuda, can Ƙofar Ruwa,
tsakanin mai rodi da mai tsofaffin famfuna,
akwai wani agogon tagulla a kan ƙusa.
Ba ya faɗin azahar, ba ya faɗin la'asar.
Hannunsa ɗaya ne, kwance a kan sifili.
Yara su ce, "Kawu, agogonka ya mutu."
Ya ce, "Bai mutu ba. Tudu ya iso."

Shekara tara ya yi a ƙasar sanyi
yana yanka jiragen da suka gama aiki,
wuta a hannu, ƙanƙara a gemu.
Ran nan aka janyo musu wani baƙi ƙirin,
ba taga, ba tuta,
tsawonsa daga nan har layin 'yan katako.
Aka ce wannan ba ya bin saman ruwa,
ciki yake shiga, kamar gaiwa a taɓo.

Shekara ashirin da shida yana nutso.
Mutum ɗari da goma a cikinsa,
wata uku ba su ga rana ba,
iskar da suka shaƙa jiya ake wanke musu yau.
Gado ɗaya, mutum biyu:
wannan ya tashi, wancan ya kwanta a ɗuminsa.
Ba gawayi, ba baƙin mai,
wata wuta ce a ƙirjinsa marar hayaƙi,
nukiliya, in ji masu ita,
garwashin da ba a hurawa, ba a kuma taɓawa.
Yana goye da abin da zai shafe birni
har da ganuwa, har da mai tallan gyaɗa,
bai taɓa sakin ko ɗaya ba.
Kawu ya ce, "Nan kaɗai na yaba masa.
Ya riƙe fushinsa har tsufa."

Da aka zo fiɗa, uku aka raba shi.
Zuciyar ba a bar kowa ya matsa ba:
aka liƙe ta, aka zuba mata kankare,
aka kai ta wani fili mai waya,
wai sai tattaɓa-kunnen tattaɓa-kunne ya yi furfura
ba ta gama hucewa ba.
Doron da ke fara leƙowa daga teku
aka dasa a lambu, aka shafa masa fenti,
'yan makaranta na hoto a gindinsa,
tsofaffin da suka rayu a ciki
su zo da sanda, su shafa lambar, su yi shiru.
Sauran kuwa kilo-kilo.
Wa ya sani ko shi ne cokalin bakinka?

Ma'aunin, ranar sallama aka miƙa masa
a madadin albashin wata.
'Yan gwangwan sun taya har sun gaji.

Bara da damina Jakara ta yi ambaliya,
ruwa ya shigo shago har gwiwa.
Kawu ya hau benci yana duban allurar:
"Ko gezau! Wannan ruwan
bai isa ta tashi ta gaishe shi ba."

Ranar Talata muka kai shi Ɗandolo.
Mai haƙa ya shiga, ƙasa ta kai masa ƙugu,
ya ce ya isa.
Na tuna lambobin: ɗari, ɗari biyu, ɗari huɗu.
Ga nutson da ba a tasowa sai an busa ƙaho,
bai kai ko zanen farko ba.

Wajen rabon gado aka ɗora shi a sikeli,
kilo biyu da rabi.
Na ce a sa mini a kasona.

Yanzu yana ɗakina a Gwammaja.
In wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya,
sai in ji unguwar duka ta nutse,
muna kwance a ɗumin juna, muna sauraro,
ko wani a sama zai ce mu taso.